Kwalba Biyu, Suna Ɗaya: Yadda Na Koma wa Bitamin C Bayan Ya Ƙona Mini Fuska

Har yau kwalbar farko tana cikin durowar madubina, ban yar da ita ba. Ruwan cikinta, wanda ranar da na saya garai-garai yake kamar hawaye, yanzu ya rine ya koma launin tsatsa. Ba don ruwan na ajiye ta ba, don 'yar takardar da ke manne a bayanta ne. Ita ce ta zama ma'aunina ranar da kamfanin ya fito da wata sabuwar kwalba mai suna iri ɗaya, aka ƙara rubutu a gabanta cewa sabon haɗi ne, domin fata marar juriya.

Fatata ba ta ɗaukar wargi. Tun ina yarinya in aka sauya mini sabulu, kafin kwana biyu wuyana ya fara ƙaiƙayi. Turare in ya taɓa ni kai tsaye, wurin ya yi ruɗu-ruɗu. Ga kuma wani hali da take da shi: duk ƙurjin da ya fito mini a fuska, ko ban matsa shi ba, sai ya bar baƙin tabo da zai yi watanni bai gushe ba. Wannan tabon ne ya kai ni ga bitamin C, don na sha jin ana yabonsa cewa yana dusashe tabo, yana sa fuska ta yi fes.

Da na tashi saye sai na yi lissafin da na san mutane da yawa suna yi. Na ga wani an rubuta kashi 10 cikin 100, wani 15, wani 20, na ce to me zai tsayar da ni a ƙarami? Na ɗauki mai 20. Siram ne, wato ruwan nan mai ɗan yauƙi da ake ɗigawa a tafin hannu a shafa kafin mai, kuma bitamin C ɗin da ke ciki zallansa ne, wanda masana ke kira asid ɗin askobik.

Safiyar farko, ban kai ga rufe kwalbar ba na ji kamar an watsa mini ƙananan allurai a kumatu. Na tsaya gaban madubi ina fifita fuska da hannu har ya lafa. Na kira yayata, wadda ta daɗe tana shafa irinsa lafiya lau, na ce, "Yaya, abin nan fa zafi gare shi." Ta yi dariya ta ce, "Ke dai raki ne da ke. Ai zafin shi ne alamar yana aiki, ki daure." Na daure. Kwana 9 na yi ina daurewa, kowace safiya. A rana ta huɗu gefen hancina ya fara saɓa. A ta shida, ruwan wanke fuska kaɗai in ya taɓa ni sai na ji raɗaɗi.

Abin da ya yaudare ni shi ne ban ga ja ba. Duk bayanin da na ci karo da shi cewa yake in fata ta yi ja a dakata. To ni baƙa ce, jan ba ya fitowa a jikina yadda yake fitowa a farar fata. Nawa gargaɗin ta wata hanya ya zo, ban kuma gane yarensa ba: fuskar ta riƙa ƙyalli irin na leda, ta ɗaure tamau in na yi murmushi, wasu wurare suka yi toka-toka. Da na daina shafawa saɓar ta kwanta, sai ga wani faffaɗan duhu a kumatuna biyu, a inda da babu komai. Garin neman gira na rasa ido.

Sai da na yi mako biyu ina lafta hoda kafin na haƙura na je wurin likitar fata. Ta ce in zo da duk abin da nake shafawa, na juye mata jaka a kan tebur, abu 7. Ta ɗauki kwalbar bitamin C ɗin, ko kallon gabanta ba ta yi ba, ta juya bayanta tana bin ƙananan rubutun da yatsa.

"Malama, kin san tsamin wannan abin kuwa?"

Na ce, "Likita, ni dai 20 ɗin na gani."

Ta jawo takarda ta ja layi, ta rubuta 0 a wannan bakin, 14 a wancan, 7 a tsakiya. Ta ce wannan shi ne ma'aunin pH da ake auna tsami da shi. Duk abin da ya sauka ƙasa da 7 mai tsami ne, kuma kowane taki ɗaya da aka sauko, tsamin ya ninka sau 10. Saman fatar mutum mai lafiya yana wajen 4.5 zuwa 5.5. Shi kuwa asid ɗin askobik, in ana so ya ratsa fata, sai an haɗa shi ƙasa da 3.5. Wato da gangan ake yin sa ya fi fata tsami nesa ba kusa ba, haka aikinsa ya gada. Ta kwatanta mini saman fata da katangar bulo: matattun ƙwayoyin fata su ne bulon, maiƙon da ke tsakaninsu, irin su seramid da kolestarol, shi ne simintin. Mai katanga da ƙwari, irin yayata, za ta shanye tsamin nan ba ta ji komai ba. Wadda simintinta ya zaizaye kuwa, ruwan jikinta na tserewa waje, abin waje kuma na kutsawa har inda jijiyoyin jin zafi suke.

Sannan ta faɗi abin da ya fi ba ni takaici. Ƙwayoyin da ke samar da launin fata, wanda ake kira melanin, suna amsa kowane irin rauni da ƙara zubo launi, kuma a fata mai duhu sun fi saurin yin haka. Ƙurji rauni ne, ƙuna rauni ce, haka ma raɗaɗin da na yi kwana 9 ina jurewa. Ashe da hannuna nake ƙera sabon tabo, da maganin da na saya don in goge tsohon.

Na tambaye ta ko jikina ne ba ya son bitamin C kwata-kwata. Ta ce abu biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai ƙunar tsokana, wadda ke zuwa nan take a daidai inda aka shafa, ƙarfinta kuma na bin ƙarfin abin da aka shafa, kowa na iya samunta in an matsa wa fatarsa. Akwai kuma wadda garkuwar jiki ce ke yi wa wani sinadari bore. Ita takan jinkirta kwana 1 zuwa 3, ta zo da ƙaiƙayi mai tsanani, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu ruwa, kuma ɗan ɗigo ya isa ya tayar da ita. Yadda na ba ta labari, ta ce tawa ta farkon ce. Amma ta nuna mini kalmar turare can ƙasan jerin, ta ce ga mai tarihi irin nawa shi ma abin zargi ne, don turare na cikin manyan masu jawo ta biyun.

Ta ware abu 4 gefe guda ta ce kar in taɓa su. Ta bar mini abin wanke fuska marar turare, da man shafawa mai seramid da giliserin, ta kuma ƙara mini man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko sama, kowace safiya. Ba dirza, ba goge fuska da tawul da ƙarfi, ba ruwan zafi. Mako 4.

Wannan matakin babu wani labari a cikinsa sai jira, ga tabon nan kullum ina gani a madubi hannuna na ƙaiƙayin in ɗauko wani abu in shafa. A mako na uku na wanke fuska wata safiya, sai bayan na gama na lura ban ji komai ba.

Zaman jiran ne ya sa na duƙufa karatu, don na tsani in sake shafa abin da ban san kansa ba. Sunan askobik ma kansa daga cuta ya samo asali, ma'anarsa mai hana cutar sikobi, wadda ta riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa a doguwar tafiya. Dasashinsu ya yi ta zubar da jini, tsofaffin raunukan da suka warke su sake buɗewa, saboda in babu bitamin C jiki ba ya iya ɗinka kolajin mai ƙwari, zaren da ke riƙe da fata ke nan. Yawancin dabbobi suna ƙera nasu a jiki, ɗan Adam ba ya iyawa. A fata aiki uku yake yi: yana taimakon ginin kolajin, yana kashe kaifin ɓarnar da hasken rana da hayaƙi ke haddasawa a ƙwayoyin fata, sannan yana rage wa tirosinas gudu, wato sinadarin jikin da ke tuƙa samar da melanin. Na ukun nan shi nake nema.

Na kuma gano daga inda lambobin da ke jikin kwalabe suka fito. Wani likitan fata na Jami'ar Duke da ke Amurka, Sheldon Pinnell, shi da abokan aikinsa suka wallafa bincike a 2001, wanda suka yi a kan fatar alade don tana kama da ta mutum. Su ne suka nuna sai tsamin ya sauka ƙasa da 3.5 asid ɗin ke shiga, kuma shigarsa na ƙaruwa ne har zuwa kashi 20, daga nan ba ya ƙara komai. Ashe 20 ɗin da na ɗauka a matsayin mafari ita ce rufin ɗakin. Sun kuma nuna cewa bayan kwana 3 ana shafawa fata takan ƙoshi, kuma sai an yi kamar kwana 4 kafin rabin abin da ta sha ya ƙare. Da na san wannan tun farko, ko da mai ƙarfin ne ai ba sai na shafa kullum ba. A 2005 kuma ayarin nasa ya nuna cewa in aka haɗa kashi 15 na bitamin C da kashi 1 na bitamin E da rabin kashi ɗaya na asid ɗin ferulik, haɗin ya fi daɗewa bai lalace ba, kariyar da yake ba fata daga ɓarnar rana kuma ta ninka, daga ninki 4 zuwa ninki 8. Shi ya sa waɗannan ukun ke yawo tare a kwalabe da yawa.

Lalacewar nan ita ce ɗaya matsalar zallan bitamin C. Da an narkar da shi a ruwa ya fara mutuwa. Iska na cinsa, haske na cinsa, zafi na gaggauta abin, kamar dai yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Yakan tashi daga fari zuwa rawaya, daga nan ya yi ja-ja, ya ƙare a ruwan ƙasa. Kwalbata mai bakin ɗigawa ce, kullum in na buɗe na tsoma na fitar, sabuwar iska na shiga.

Watanni bayan haka, fuskata ta zauna, duhun kumatun ya ɗan ja baya amma bai tafi ba, sai na ci karo da sabuwar kwalbar. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ban saya ba ranar. Hoton bayanta na ɗauka, na dawo gida na zaro tsohuwar na ajiye su gefe da gefe.

Ƙa'idar karanta jerin nan mai sauƙi ce in an sani: ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, sai waɗanda ba su wuce kashi 1 ba ne ake iya zubawa a ƙarshe yadda aka ga dama. Don haka layin farko shi ke faɗin gaskiyar kwalba. A tsohuwar, bayan ruwa sai asid ɗin askobik, sai alkohol, irin mai saurin bushewar nan da ke sa abu ya shige fata da sauri amma ya bar ta a bushe. Can ƙasa ga turare, ga limonin da linalul, waɗanda su ma 'yan gidan ƙamshi ne. A sabuwar, bayan ruwa sai giliserin. Babu alkohol ɗin, babu turare, an ƙara fantenol, ɗan'uwan bitamin B5 mai kwantar da fata. Abin da ya tsayar da ni kuwa, asid ɗin askobik babu shi sam a jerin. Wani suna ne a madadinsa, sodiyam askobil fosfet, wanda ake taƙaitawa da haruffa SAP, kashi 5.

A nan ne na fahimci abin da ake nufi da sabon haɗi. Ba tsohon aka sirka da ruwa ba, wani sinadarin ne daban. Ana ɗaukar bitamin C a ɗaura masa wani abu a daidai gaɓar da iska ke kama shi, kamar a mayar da wuƙa cikin kube. A cikin kuben ba ya saurin lalacewa, kuma ba ya buƙatar tsami, ana iya haɗa shi a wajen pH 6 zuwa 7. Sai ya hau fata ne ake sa ran sinadaran fatar su zare kuben su saki bitamin ɗin. Irinsu da yawa: akwai MAP mai magniziyam a madadin sodiyam, akwai askobil gulukosaid da aka ƙirƙiro a Japan wanda sukari ne kubensa, akwai THD mai narkewa a mai maimakon ruwa, akwai kuma etil askobik. Duk a gaban kwalba bitamin C ake rubuta musu.

Zan faɗi abin da tallar ba ta faɗa ba, don ni ya ɗan sage mini gwiwa. Sassaucin nan ba kyauta ba ne. Kuben yana da nauyinsa, don haka kashi 5 na SAP ba kashi 5 na bitamin C ba ne, kusan rabinsa ne, kuma ko rabin sai abin da fata ta iya zarewa. Binciken Pinnell ɗin nan na 2001 ya gwada MAP, bai ga ya ƙara yawan bitamin C a cikin fatar ba. Hujjojin da ke bayan zallan asid sun fi yawa, sun fi ƙarfi. Abin da SAP ke da shi a nasa ɓangaren shi ne an gwada kashi 5 ɗinsa a kan masu ƙurajen fuska aka ga sauƙi, ni kuwa daga ƙurji tabona ke farawa. Na auna: a hannu ɗaya mai ƙarfi wanda fuskata ba ta iya ɗauka ko na kwana 10, a ɗaya hannun mai rauni wanda wataƙila zan iya zama da shi wata da watanni.

Rubutun gaban kwalbar kuwa ban ba shi ko sisi na amana ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, da bakinta ta ce babu wani ma'auni na doka da ke ƙayyade kalmar nan da kamfanoni ke rubutawa don nuna cewa kayansu ba ya tayar da borin fata. Kowa na rubuta ta yadda ya fahimta. Haka kuma akwai bambanci tsakanin abin da aka ce babu turare a cikinsa da wanda aka ce ba ya ƙamshi, don na biyun wani lokaci turaren aka sa ya danne warin sinadarai.

Na saya. Kafin komai na samo 'yan takardun nan na gwajin tsami masu sauya launi, na ɗiga tsohon a ɗaya, sabon a ɗaya. Tsohon ya nuna wajen 3, sabon wajen 6. Taki uku ke nan, 10 sau 10 sau 10, tsohon ya fi sabon tsami kusan sau 1,000. Na daɗe ina kallon takardun nan biyu. Kwalbar ma an sauya ta, yanzu mai duhu ce da haske ba ya ratsawa, kuma matsawa ake yi, ba a buɗe ta.

Duk da haka ban kai shi fuska ba. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba da shawarar a gwada sabon abu a ɗan wuri, kamar lanƙwasar gwiwar hannu ta ciki, sau 2 a rana har kwana 7 zuwa 10. Da, gwajina shi ne in shafa a bayan hannu in jira minti 10 in ce lafiya. Wannan ba ya kama borin garkuwar jiki, tunda shi sai ya kwana ya wuni kafin ya nuna kansa. Na yi kwana 10 cif. Babu ƙaiƙayi, babu ƙurji, wurin bai sauya launi ba. Amma fatar hannu ba ta fuska ba ce, sai na ƙara kwana 4 a ƙasan muƙamuƙi kusa da kunne, inda ko wani abu ya faru zan iya rufewa.

Ranar da na kai shi fuska gabana faɗuwa yake. Na wanke, na bari ta bushe sarai, don jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin zuƙar abu, ta fi saurin jin zafi. Matsi ɗaya, ɗan mitsitsi, na shafa a goshi da kumatu da haɓa, na kauce wa gefen hanci da gefen baki da zagayen ido. Na tsaya ina jiran alluran. Shiru. Har wata zuciyar ta fara raya mini maganar yayata, anya abin da ba ya zafi yana yin wani abu?

Na ɗauki littafi na riƙa rubutawa, na kuma riƙa ɗaukar hoto kowane mako a bakin taga ɗaya, a lokaci ɗaya na safiya, ba hoda. Wannan hoton shi ne abu mafi amfani da na yi, don ido na mantuwa, madubi kuma na bin yanayin zuciya: ranar da na tashi da fara'a sai in ga tabon ya ragu, ranar da raina ke ɓace in ga ya ƙaru. Mako 2 na farko sau 2 kawai nake shafawa a mako. Na uku na koma yau in shafa gobe in huta. Wata 'yar matsala ta ɓullo, in na ɗora man kariyar rana a kai sai su dunƙule su riƙa murmushewa kamar dattin roba. Maganinta jira ne kawai, in ba siram ɗin minti 5 ya zauna, in shafa mai, sannan in dangwala na ranar a hankali ba tare da murzawa ba.

A mako na biyar na yi ɓarna, kuma tawa ce ba ta kwalbar ba. Ganin komai lafiya sai na ji ƙarfi. Na koma shafawa kullum, kuma a wannan makon dai na zaro ɗaya daga cikin abubuwa 4 ɗin nan da likita ta ware, wani ruwan saɓar da fata mai asid ɗin gilaikolik, na shafa da dare sau biyu. Safiya ta uku gefen hancina ya ɗaure, raɗaɗin nan da na sani ya dawo. Abin haushin, da yake abu biyu na sauya lokaci ɗaya, sai da na ɓata lokaci kafin na rarrabe mai laifin. Na tsayar da komai kwana 6, na koma wanke fuska da mai da kariyar rana. Da ta lafa na dawo da siram ɗin shi kaɗai, yau da jibi, sannan kullum, lafiya lau. Ruwan gilaikolik ɗin na ba da shi. Tun daga nan abu ɗaya nake sauyawa a lokaci guda, in ba shi mako 2 kafin in taɓa wani.

Daga mako na shida zuwa na takwas hotunan kusan iri ɗaya ne, har na fara tunanin kuɗina sun tafi a banza. Saman fata yakan ɗauki kamar mako 4 kafin ya sabunta, ya kan fi haka ma in shekaru sun ja, don haka a lissafi zagaye biyu kacal na yi. Sai a mako na goma, da na jera hoton farko da na ranar, na ga bambanci.

Ga abin da na samu a mako 12, ba ƙari. Duhun kumatun da tsohuwar kwalbar ta bar mini ya dusashe sosai, sai an matso ake ganinsa. Ƙuraje sun ragu, kuma biyun da suka fito a tsakiyar gwajin tabonsu bai yi baƙi ƙirin kamar yadda na saba ba. Tsofaffin tabon da ke muƙamuƙina, waɗanda suka shekara biyu, suna nan daram. Launin fatata bai sauya ba, ba kuma shi nake nema ba, bitamin C ba man bilicin ba ne. Sheƙin nan da ake nunawa a talla ban gan shi ba, abin da na gani fuska ce da launinta ya fi daidaita, wadda ba ta zafi in na wanke.

Na koma wa likitar da littafina da hotuna. Ta duba ta ce kar in ba siram ɗin duk yabon, babban rabo na man kariyar rana ne, don hasken rana shi ke ciyar da tabo, kuma bitamin C kowane iri ne ba ya maye gurbin wannan man. Ta ce ga fata mai duhu, wanda ke da ɗan launi a cikinsa ya fi, saboda sinadarin ƙarfen da ke ba shi launin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yake ƙara duhun tabo. Tsofaffin na muƙamuƙi kuwa ta ce launin ya nutse can ƙasan fata inda siram ba ya kaiwa, wata hanyar za mu bi musu. Ta ce tunda katangar ta gyaru, in ina so zan iya gwada zallan asid ɗin a kashi 10, sau 2 a mako. Na ce, "Likita, a bar ni a nan tukuna." Ta yi murmushi ta rubuta a katina.

A gindin kwalbar akwai ɗan zanen gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da 6M a jikinsa, wato wata 6 bayan buɗewa. Na rubuta ranar da na fara matsa ta a gefen zanen, ina ajiye ta cikin durowa nesa da taga da tururin banɗaki. Ruwan har yanzu launinsa bai motsa ba.

Kwanan baya yayata ta zo, ta ɗauki kwalbar ta matsa a bayan hannunta, ta jira, ta ce, "Wannan ai ruwa ne, ko cizo ba ya yi." Na miƙa mata waya ta ga hoton makon farko da na mako na 12. Ta daɗe tana ja da yatsa tana komawa. Sai ta ce to tunda na daina shafa mai ƙarfin, in ba ta ragowar. Na jawo durowa na ɗaga mata kwalbar a haske, ta ga launin tsatsar, ta mayar mini da ita ta ce in riƙe kayata.